Sisin 'Yar'azumi

"Ku janye kwanon daga kanta mana," in ji Barira.

Maƙwabciyarta 'Yar'azumi tana kwance rub da ciki a gefen jingar da ake ɗagawa don tare ambaliyar kogin Haɗeja. Kwanon sarkin da take ɗaukar ƙasa da shi ya kife a bayan wuyanta. Leburori suka tsaya cirko-cirko. Barira da kanta ta ture kwanon, ta juyo da ita. Idanunta a buɗe suke, tana numfashi sama-sama.

Haladu helma, mai kula da leburorin, ya ƙaraso yana share gumi. "Rana ce ta buge ta. A kai ta gida, sauran ku koma aiki."

A kwalekwalen wani masunci aka haye da ita. Barira ta ɗora kan 'Yar'azumi a cinyarta tana kallon ruwa. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji tausayi ba, kunnuwanta dai sun yi mata dum kamar ta nutse.

Tun da makanta ta kama mijinta Kolo, 'Yar'azumi ke ciyar da gidan, shi da 'ya'yansu. Da Turawa suka buɗe aikin jinga, ita ta ja Barira suka shiga. Kwano iri ɗaya, tudu ɗaya ake hawa, amma ranar biya namiji sule ne, mace sisi, rabin sule ke nan. Barira na nan ranar da 'Yar'azumi ta tare helma.

"Malam Haladu, kwanona ya fi na maza ƙanƙanta ne?"

"Ba ni na yanke ba, baiwar Allah. Daga sama aka yanko, duk ƙasar nan haka ne. Sun ce namiji ke da iyali."

"Ni kuma fa? Duwatsu nake ciyarwa?"

Maza suka yi dariya, ita ma ta ɗan murmusa. Daga ranar, in an tashi daga jinga sai ta zarce fadama bugun shinkafar mutane, don ta cike abin da sisi bai kai ba.

Da suka iso gida daga kogi, suka kwantar da ita a kan tabarma a ɗakinta. Kolo ya lallaɓo bango ya tsuguna, ya laluba har ya kamo ƙafarta.

"Barira, barci take?"

"Ta ɗan faɗi ne, Malam."

'Yar'azumi ta motsa baki. Barira ta kai kunne.

"Kar helma ya ba wani gurbina. Gobe zan fito."

"Zan gaya masa, Yaya."

Ana kiran la'asar ta cika. Kolo ne ya fara ganewa, ya saki ƙafar a hankali, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Yaran suna tsakar gida, ƙaramar tana cin ɗanyen gero a tafin hannu.

Haladu ya zo zaure kafin a fitar da gawa. Barira tana ɗiban ruwa a randa ta jiyo muryarsa.

"Allah ya jiƙanta, ta yi aiki kamar maza. In akwai namiji a dangi, a turo shi ya maye gurbin. Shi sule zai samu, zai fi muku sauƙi."

"Babu," in ji Kolo.

Barira da Hajo, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, suka shiga da ƙorai. Da suka kwance ɗankwalin, tsakiyar kan, inda kwano ke zama, ba gashi ko ɗaya, fatar ta yi kanta kamar diddige. Hajo ta shafa wurin da yatsa, ta dubi Barira. Barira ta ci gaba da zuba ruwa. Ta jira kuka ya zo, bai zo ba.

Ruwan wankan ya bi rariya ya fita lungu, baƙi da laka. Wata agwagwa da 'ya'yanta suka zo suka tsaya a ciki.