Fankar da ke cikin akwatin Nafiul

Da ɗana Nafiul zai tafi Italiya neman aiki, kwamfutarsa ya damƙa mini. Da hannunsa ya haɗa ta, akwati baƙi mai gilashi a gefe ɗaya. Ya ce, "Abba, ka san daminar garin nan namu na Barishal. Ka riƙa kunna ta duk Juma'a, kada laima ta cinye ta. In na dawo da ita zan buɗe shago."

Ni tikiti nake sayarwa a tashar jirgin ruwa, ban san komai a kan kwamfuta ba. Amma na riƙe maganar nan tasa ta dawowa. Tunda akwatin na nan, mai shi zai zo.

Duk Juma'a sai in danna maɓalli in fita, in dawo in kashe. Ran nan ruwa ya hana ni fita, sai na zauna ina leƙen gilashin. Akwai wani allo mai kauri a ciki, shi Nafiul ke kira katin hoto, ya ce ya fi komai tsada. Fanka biyu gare shi. Ina dannawa suka tashi da ƙugi kamar jirgi zai bar gaɓa. Kafin in gyara zama sun tsaya cik.

Na kashe, na sake kunnawa. Ƙugi, sai shiru.

"Maman Nafiul! Zo ki ga."

Matata Rokeya ta shigo da ludayi a hannu. Ta duba ta ce, "Ai ciwon fankar ɗakinmu ne. Tura ta da sanda mana."

Fankar silinmu haka take, sai an ɗan tura ta da sanda take kama gudu. Na kwance gilashin, na sa tsinke na tura. Ta juya sau ɗaya ta koma ta tsaya. Rokeya ta kawo man mustad wai in ɗiga, na ce a'a, kada in ƙara ɓata kayan yaro.

Na kira Nafiul bai ɗauka ba. Washegari na naɗe akwatin a bargo da leda, na hau riksha, keken haya mai ƙafa uku, na rungume shi a cinya har shagon Mintu, abokin Nafiul na makaranta, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa.

"Kawu, jinjiri ka ɗauko a ruwan nan?" in ji Mintu.

"Bar wasa, ɗan nan. Fankar ta mutu."

Ya jona ta ya kunna. Ƙugi, sai shiru. Ya kwashe da dariya har yana buga tebur.

"Wannan ce mutuwar? Kawu, haka aka yi ta. In an kunna, sai ta yi gudu ta gwada kanta. In ta ga babu zafi sai ta huta. Sai an ba katin aiki mai nauyi take tashi. Duba." Ya buɗe wani wasan mota, ba a jima ba fankokin suka fara juyawa a hankali.

"To ba laima ba ce?"

"Wace laima? Ko funfuna babu. Ka riƙe ta kamar amarya. Allah dai ya sa ba ka ɗiga mata mai ba."

"Na hana uwarsa."

Ya yi wata dariyar, ni ma na yi. Ya aika a kawo shayi. Yana goge gilashin ya ce, "Ka ma hutar da ni zuwa gidanka ɗauko ta. Mai sayen zai zo gobe."

"Wane mai saye?"

Hannunsa ya tsaya. "Nafiul bai faɗa maka ba? Tun watan jiya ya ce in nemi wanda zai ɗauka. Wai kafin ta tsufa a banza."

Na ce ya kira mini shi da wayarsa. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Mintu, shege, an samu?"

"Ni ne."

Ina jin ƙarar kwanuka a inda yake aiki.

"Abba... ina ta so in yi maka bayani."

"Shagon fa?"

"Wane shago, Abba? A garin da wuta ke ɗaukewa rabin yini? Takarduna sun kusa fitowa. In na motsa yanzu na rasa komai. Zan riƙa zuwa hutu."

"Yaushe?"

"In an samu hali. Kada ka faɗa wa Mama tukuna."

Na miƙa wa Mintu wayarsa. Shayin ya zo, ban taɓa ba. Ya ce, "Kawu, in ba ka so a sayar, ka koma da ita." Na ce ba tawa ba ce, mai ita ya riga ya yi magana. Na ninke bargona na fita, ban tsayar da riksha ba.

Na tarar da Rokeya a bakin ƙofa tana tsince shinkafa. Ta dubi bargon a hammatata.

"Ina take?"

"Tana wurin Mintu."

"Abin ya yi tsanani ne?"

"Zai duba."

"Ka matsa masa," ta ce, ta koma kan faifanta. "Kada yaron ya zo Babbar Sallah ya tarar ba ta nan."