Ranar da Wuƙa Ta Ci Manzo

Duk garin Kona an san Manzo ɗan tauri ne. Ranar sallah, in ganga ta ɗauka, shi ke goga wuƙa a cikinsa har ta lanƙwashe. Bana kuwa tashi daga tabarma ya gagare shi. Sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, matarsa Lalla ta tallabo shi ta baya. Ko hannu ba ya iya ɗagawa ya sa hula.

A asibitin Tasawa aka zaunar da shi layin ekografi, na'urar nan mai leƙa cikin jiki, a tsakiyar mata masu juna biyu.

"Baba, wata nawa?" in ji wata.

"Tun kafin a haife ki," ya ce yana shafa tumbi. Layin ya kwashe da dariya.

Dokta Moctar ya shafa masa wani mai mai sanyi a cinya, ya goga na'urar, ya juyo masa da allon.

"Dubi nan, Baba. Tsoka mai lafiya duhu-duhu take fitowa. Taka ta yi fari. Hoto ya nuna akwai ciwo, amma bai faɗi irinsa ba. In kumburi ne, akwai magani. Sai an ciri ɗan nama kamar ƙwayar wake a cinyar nan, a aika Yamai a duba. A Maraɗi za a cire."

"Da mi za a cire?"

"Da wuƙa, Baba."

Manzo ya ja wando ya rufe cinyarsa. "Lalla, tashe ni."

Haka suka koma gida. Kwanaki suka yi ta wucewa, ƙafafun na ƙara mutuwa.

"Maigida, tsoro kake ji?" Lalla ta tambaye shi wata safiya.

"Ni? Wuƙar yaran nan za ta karye, in ba su kunya a banza." Ya shafa cinyarsa. "In kau ta shiga, mi zan ce wa mutanen Kona?"

Lalla ta tashi ta bar shi. Ta san sharaɗin da ubangidansa ya gindaya masa ranar da ya ba shi maganin tauri: duk ranar da ya sha a ƙwarya guda da mace, magani ya karye. Shi ya sa tun aurensu ƙwaryarsa daban, ludayinsa daban.

Da hantsi ta dama fura a ƙwaryarta, ta zuba nono, ta zo ta zauna a tabarmarsa. Ta ɗiba ta sha a gabansa. Ta sake ɗiba ta miƙo masa.

"Kin san abin da kike yi?"

"Na sani. Da na so, da na ba ka a ɓoye. Ban so ba."

"In na sha, shi ke nan fa. Ganga ta ɗauka, in zauna kamar kowa."

"Ni dama ban taɓa son gangar nan ba. Duk sallah ɗaki nike shiga in toshe kunnuwa har ka dawo."

Ya dube ta. "Ba ki taɓa faɗi ba."

"Kana jin daɗin abinka, mi zan faɗi?"

Manzo ya daɗe yana kallon ludayin. Ya miƙa hannu, hannun ya gaza a hanya. Lalla ta matso, ta tallafi ƙeyarsa, ta kai masa baki. Ya yi bisimilla ya sha.

"Ashe taki ta fi sukari," ya ce. "Shekara da shekaru kina cuta ta."

Ta yi dariya tana share ido da bakin mayafi.

A Maraɗi likitoci suka kwantar da shi, suka sa ƙyalle ya tare masa gani, aka yi masa allurar kashe zafi. Ya ji ana taɓa cinyar kamar daga nesa. Ya ƙura wa rufi ido, yana jiran ya ji ƙarar karyewar wuƙa.

"Likita, ta shiga?"

"Har mun fara ɗinki, Baba." Likitan ya ɗago wata ƴar kwalba ya nuna masa, da ɗan jan nama a ciki. "Yau wannan zai kama hanyar Yamai."

Manzo ya dubi kwalbar, hawaye ya gangaro masa cikin kunne.

"Matata tana bakin ƙofa," ya ce. "Don Allah wani ya leƙa ya ce mata wuƙar ta shiga."