Ayarin Nafi'u Bai Isa Rijiya Ba

Nafi'u ma'aikacin lameri ne, wato ofishin magajin gari, a Tanut, Allah kuwa ya jarrabe shi da son ƙirƙira. Ya cika kaye guda, wato littafin rubutu, da dokokin wani wasa da ya raɗa wa suna Ayari. Kowane ɗan wasa zai ɗauki mutum ɗaya ya zama shi, wani madugu, wani makiyayi, wani mai magani. Nafi'u ne ke ba da labarin hanya, ɗan lido kuma shi ke yanke hukunci. In ayari ya isa rijiyar ƙarshe ya sha ruwa, an ci wasa.

Ya kai wa abokansa na fada, inda suke zaman hira da shayi, su gwada. Ranar ya gane ashe ƙasarsu ta Damargu cike take da masana.

Babbansu Attahir ne, dillalin dabbobi daga Tenhya, wanda ya taɓa buga rabin wasan sau ɗaya.

"Malam Nafi'u," in ji shi, yana kurɓar shayi, "raƙuminka kwana uku kawai ya faɗi don ƙishirwa? Ai wannan tunkiyar birni ce."

Nafi'u ya ƙara wa raƙumi kwana goma. Sai Idris mai gyaran babur ya ce to yanzu raƙumi ya fi madugu amfani, a naɗa shi madugun mana a huta. Nafi'u ya rage. Aka buɗe zaure a WhatsApp, mutum arba'in suka shiga, waɗanda suka taɓa ganin kayen ba su kai biyar ba. Wani bawan Allah daga Belbeji ya aiko da murya ta minti goma sha ɗaya yana kukan an ɓata wasan, na da ya fi daɗi.

Attahir kuma ya matsa cewa rijiyar ta yi sauƙi. Da farko, in aka jefa ɗan lido ya nuna huɗu, sai a sha ruwa. Duk sanda ya yi ƙorafi, sai Nafi'u ya ƙara ɗaya don a zauna lafiya. Wata huɗu ana haka, ba wanda ya taɓa kaiwa rijiyar, don tun a zangon farko gardama ke cinye zaman.

Wata Lahadi da la'asar, matar Nafi'u, Balki, malamar lissafi a kolej, ta ɗauki kayen suka buga da ƙannenta har ƙarshe. Da ya shigo, ta miƙa masa ɗan lidon.

"Maigida, dokarka ta ce sai an jefa bakwai."

"Haka ne. Attahir ya ce hamada ba wasa ba ce."

"To madalla. Ƙirga min fuskokinsa."

Ya ƙirga, shida. Ya sake ƙirgawa ko Allah zai sa a samu ƙari. Kunya ta rufe shi, ya rubuta wa zaure neman afuwa, ya mai da dokar huɗu.

Attahir bai ɓata lokaci ba. "Wannan ce kaɗai dokar gaskiya a kayenka," ya rubuto. "Wa ya ce maka kowane ayari ke isa?"

Mutum ashirin da shida suka goya masa baya. Kafin sati ya zagayo sun kira kansu 'Yan Bakwai, suka zaɓi Attahir shugaba, sannan suka cire Nafi'u daga zauren, wai bai fahimci wasan ba.