Ruwan Rakiya

Ruwan ya kece musu ne suna kan gangara, kilomita goma sha biyu da barin garin Egirdir. Tafkin da ke hagunsu ya rikiɗe ya koma launin toka, iska na ɗebo ƙanshin tuffa daga gonakin da ke dama tana watsa musu a fuska haɗe da ruwan. Duk mai hankali gindin bishiya zai nema. Su ukun nan da ke kan kekuna kuwa ihu suka kama yi kamar yaran da aka ba hutu.

"Ku taka, ragwaye!" in ji Ferit, likitan haƙori mai tumbi, yana gaba, iska ta kumbura masa rigar ruwa. "Wanda ya zo ƙarshe shi zai wanke kekunan!"

"Ji mutum!" Nuran ta ɗaga murya daga bayansa. "Gangara ce ke taimakon tumbinka. Bari mu kai hawa ka ga tsiya."

Wata babbar mota ɗauke da akwatunan tuffa ta wuce ta sheƙa musu ruwan kwalta tun daga kai har ƙafa. Nuran ta raka direban da addu'ar da ba ta alheri ba, sannan ta fashe da dariya har kekenta na tangaɗi.

Gulsum ce a baya, kuma ba gajiya ta yi ba. Ita ta tsara tafiyar nan ta kwana uku, ita ta nace a bi wannan gefen tafkin, kuma abokan nata sun san dalili. Can gaba akwai rumfar da mahaifinta, Ramiz, ke sayar da tuffa a bakin titi. Shekara shida rabonsa da yi mata magana. Ita kaɗai ya haifa, ya so ta riƙe gonar, ita kuwa ta zaɓi koyarwa a Antalya. Ranar da ta tafi ta yi ta waige ta gilashin mota, ko zai fito da buta ya zuba ruwa a bayanta, yadda ake yi wa kowane matafiyi don ya tafi lafiya ya dawo da wuri. Hatta ɗan maƙwabta, ɓarawon kaji, an zuba masa da zai tafi soja. Ita ko ɗigo. Wallahi da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Idan ya kore ni fa?" ta tambayi Nuran da suka jera.

"Sai mu bar masa Ferit a madadinki. Kwana biyu zai neme ki yana kuka."

A hawan ƙarshe Ferit ya fara huci, kamar yadda aka yi masa alkawari. Gulsum ta hango shuɗin tamfol ɗin rumfar, wani abu ya tsarga mata, ta miƙe tsaye kan feda ta wuce su duka, ruwa na tsiyaya daga haɓarta. Farin ciki ne ko tsoro, ita ma ba ta sani ba.

Tsohon ya taso daga gaban murhun shayinsa yana ɗaga hannu. "Ku shigo, ku shigo! Wane mahaukaci ne ya fito da ku cikin wannan ruwa?"

Gulsum ta cire hular kwano.

Ramiz ya tsaya cak. Ta matsa za ta kama hannunsa ta sumbata ta kai goshi, sai hannun ya zame ya ɗauki butar shayi. Ya zuba kofi uku, ya yanka tuffa, ya tambayi Ferit aikinsa, har ya buɗe baki ya nuna masa haƙorin da ke damunsa. 'Yarsa kuwa ko kallo.

"Ɗana," ya ce wa Ferit, "ka ce wa abokiyar tafiyarku ta matso kusa da wuta."

"Baffa, ai tana jin ka."

"Kai na gaya wa." Ya leƙa kekunan. "Kuma birkin wancan jan keken ya cinye. Mai shi ba ta da hankali, tun tana ƙarama."

Gulsum ta sha shayin yana ƙona mata harshe. Ruwan bai tsagaita ba, ga garin Yalvac inda za su kwana da nisa, dole suka miƙe.

"Baba, mun tafi."

Ya ci gaba da jera tuffa a akwati.

Ta hau keke ta rantse a ranta ba za ta waiga ba. Sau ɗaya ta taɓa waigen nan, ya ishe ta har ta mutu. Ba su yi nisa ba wata mota ta danna oda a bayansu, ta sake dannawa. Ferit ya juya.

"La ilaha illallahu! Gulsum, waiga! Tsohon nan yana ganin ruwan bai isa ba!"

Ramiz ne tsaye a tsakiyar titi, ba hula, ruwa na dukan furfurarsa, ya tare motar mutane. Ya karkata tsohuwar butar tagulla ta mahaifiyarta yana tsiyaya ruwa a kan kwaltar da ta riga ta zama rafi, a hankali, daidai inda tayarta ta bi.

Gulsum ta ja birkin da ya cinye, sai da ƙyar keken ya tsaya.

"Me kike kallo?" ya daka mata tsawa. Ita ya yi wa, ba Ferit ba. "Ki tafi mana, kada ki ɓata mini ruwa! Ranar Lahadi ake tsinkar jajayen tuffa!"

Nuran ta rangaɗa guɗa, direban motar ma ya haƙura ya leƙo yana dariya.

Gulsum ce ta zo ƙarshe a Yalvac ranar nan, da tazara mai yawa. Ita ta wanke kekunan uku a bayan masauki, kuma ta hana kowa ya taya ta.