Hannun Yaya Na Rawa

Kwas ɗin sabunta lasisi na ƙananan nas-nas yana da wata al'ada da Yaya ta tsana: kowa sai ya nemo jijiya da allura a hannun abokin aikinsa, malama na zagayawa tana kallo. Wai taimakon juna ke nan. Wanda ya kasa, a ɗauke shi daga jinya a mayar da shi rabon kati.

Yaya ta fi kowa daɗewa a ɗakin yara, kuma tun bara take ɓoye cewa hannunta na dama yana rawa. Sai ga shi an haɗa ta da Barkono, yarinyar da Yaya ta taɓa wankewa tas a gaban masu jinya a kan zanen gado. Ko gaisuwa ba ta haɗa su.

Barkono ta naɗe hannun riga, ta miƙa hannu a kan tebur.

"Bismillah, Yaya. Ke da kike koya wa kowa aiki."

Yaya ta ɗaura mata roba a dantse, ta goga auduga. Jijiya ta fito ɓaro-ɓaro, amma bakin allura ya hau kaɗawa. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta soka, ta kuskure. Barkono ta kalli yatsun nan, ta gane.

Malama ta matso. "Lafiya dai?"

"Ni na motsa," in ji Barkono, ta ja tsaki. "Riƙon nata sai ka ce na mahauci."

Ta damƙi wuyan hannun Yaya kamar mai jin zafi, ta danne shi har rawar ta tsaya. Allura ta shiga, jini ya leƙo. Malama ta gyaɗa kai ta wuce.

A wurin wanke hannu Yaya ta tarar da Barkono. Godiya ta yi mata nauyi a baki, amma ta daure.

"Ƙanwata..."

"Ni ba ƙanwarki ba ce." Barkono ko ɗagowa ba ta yi ba. "Gobe ki je wajen shugabar nas-nas da ƙafarki, ki ce a duba hannun nan. In ba ki je ba, ni zan je."

"Don ki gaje wurina ko?"

"Ki jiƙa wurin ki sha." Ta nuna mata inda fatar ta kumbura. "Ni babba ce, na cije. Jaririn da za ki soka gobe, wa zai riƙe masa hannunki?"

Yaya ta sunkuyar da kai, ta dubi hannunta na dama.