Wushiryata da Tattabaru Talatin da Ɗaya

A aji huɗu na bar makaranta, saboda tagar ajinmu tana kallon sama, ni kuma ina kallon tagar. Abin da na fita da shi fito ne. Ina da wushirya mai faɗi, in na hura iska ta cikinta, tattabaruna talatin da ɗaya sukan juyo daga duk inda suke su sauka a rufin gidana.

Da shekaru suka ja, haƙoran suka fara bajewa kamar 'yan'uwan da suka yi faɗa. Ina tauna abinci ina haɗawa da leɓe. Autata ta ce, "Baba, kullum bakinka da ciwo. Gobe sai wurin likitan haƙori."

Likitar yarinya ce mai sanyin hannu. Ta manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, ta zura waya ta ɗaure. Na duba madubi na ga bakina kamar shingen kaji, abin ya burge ni. Na tambaye ta ko haƙori yana sanin ana tafiya da shi. Ta ce, "Baba, buɗe baki, amma ban da magana."

Duk wata tana ƙara ɗaure wayar, wushirya tana tsukewa, fitona yana sirancewa. A wata na uku tattabaru goma suka ƙi saukowa. A na bakwai na yi fito, sai karen maƙwabta ya zo yana kaɗa wutsiya. Garken duka ya koma rufin mai walda a tsallaken titi, mutumin da ko fito bai iya ba, kwano yake bugawa.

"Tsoho," in ji shi, "sun ce ba su san wannan muryar ba. Ka bar min su, ka riƙe murmushinka."

Ranar cire waya haƙorana suka fito a jere kamar na talla. Autata tana ta ɗaukar hoto. Likita ta ɗauko wani siririn magagari za ta daidaita bakin haƙoran, ni kuma na buɗe kwandon da na shigo da shi. A ciki akwai Gurguwa, tsohuwar tattabarar da ta rage min don ba ta son tafiya mai nisa.

"Baba, tsuntsu a asibiti?" in ji likita.

"Alƙali na kawo."

Na ba ta labari. Ta yi dariya har ta sauke takunkumin bakinta, sannan ta ce, "Wushiryar ba za ta dawo ba. Amma zan goge tsakanin na gaba biyu, kaurin gashi. Sau uku kawai, haƙori ba ya sake tsirowa."

Ta goga na farko. Na yi fito, ya fito kamar tayar keke tana sacewa. Gurguwa ta ci gaba da tsintar gashinta. A na biyu ma baya ta juya min. Autata ta rufe fuska da gyale, ta ce ita ba ta san mu ba.

"Saura ɗaya, Baba," in ji likita.

Ta goga. Na jiƙa leɓe, na hura. Ba tsohon fiton ba ne, amma da ji ka san ɗan gidansu ne. Gurguwa ta karkata kai. Ta fito daga kwando, ta ɗingisa ta kan tiren kayan aikin likita, ta hau kafaɗata.

Da yamma na hau rufi, mai walda yana kallona da kwanonsa a hannu. Na yi fito. Shiru, har na fara jin kunya. Can sai tattabarun suka tashi gaba ɗaya daga rufinsa, suka zaga sau biyu, suka sauko. Na ƙirga, har da Gurguwa, talatin da uku.

"Tsoho, biyu nawa ne," in ji mai walda.

Na nuna masa sababbin haƙorana duka, na ce, "To, yi musu fito."