Ranar da Ruwa Ya Ci Motar Maikolo

Girman kai rawanin tsiya ne, kuma shi Maikolo ya naɗa ranar da ya tsaya shan mai a wani ɗan gari na bakin teku a jihar Queensland ta ƙasar Ostiraliya.

Ɗan tsibirinmu ne na Ha'apai, a ƙasar Tonga. Ya gama wata shida yana yankan inabi a Mildura, ran Litinin kuma gonar mangwaro na jiransa a Bowen. An ɗauke shi ne don yana da mota, zai riƙa kai ma'aikata gona. Kwana takwas ke nan yana bin gaɓa shi kaɗai, ya soya kifinsa, ya ɗauki hoto ya tura wa uwarsa. Ko taya bai fasa ba, sai kansa ya ƙara kumbura.

Tsohuwar da ke tsaron gidan man, Beryl, ta leƙo ta ga gaban motar ya fuskanci rairayi.

"Ɗan nan, ta bakin ruwa za ka bi?"

"Ta nan, Inna. Na gaji da kallon kwalta."

"To ka rage iskar tayoyinka. Kuma ka dubi takardar lokutan cikar teku can a bango, ruwa ya fara cikowa tun sha biyu. Wajen duwatsu ba a wucewa yanzu. Zauna ka sha shayi, gobe da hantsi ka tafi."

Maikolo ya yi dariya. "Inna, a kwalekwale aka haife ni. Ni za a karanta wa teku a takarda?"

"Kwalekwalen ka zo da shi, ko mota?"

"Ki ajiye shayin, zan aiko miki da hoto."

"Akwai wuri," in ji ta, ta nuna allon da ke bayanta. Hotunan motoci ne birjik, kowacce ruwa ya kai mata wuya.

Mu a gida duwatsun murjani na cikin teku sun kewaye tsibiri suna tare igiya, ruwa kan tako a hankali kamar surukin kirki. Nan babu abin da ya tare shi. Baƙo kuwa ko idonsa ya kai tulu, makaho ne.

Farkon tafiyar ya yi daɗi. Yashi ya daddale, iska na kaɗawa, Maikolo na rera waƙar coci da hannu ɗaya a waje. Da ya iso duwatsun, sai ya ga hanya ta tsuke. Ya ƙirga igiyar ruwa yadda kakansa ya koya masa, ya jira ta janye, ya taka mai. Tayoyin nan masu tauri da bai rage wa iska ba suka haƙa rami suka zauna. Ya ƙara takawa, suka ƙara nutsewa. Ba shebur, ba igiya. Da murfin tukunya ya yi ta tono har ruwa ya kai masa ƙugu, sannan ya haye dutse ya zauna yana kallo.

Da la'asar ya koma gidan man a ƙafa, ba takalmi. Beryl ta tura masa shayi, ta matsar da hotuna biyu a allo, ta buɗe wa nasa wuri.

Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Mota ta tafi. Almakashin inabi, waya da hotunan kwana takwas, da tabarmar da uwarsa ta saƙa masa, duk sun bi ruwa. Ran Litinin kuma aka ba wani mai mota aikin.